Ciwon "Sai Gobe": Magana Da Ɗalibin Da Karatu Ya Yi Wa Nauyi

Duk ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawa a allon sanarwa, akwai wani irin shiru da kan sauka a farfajiyar sashenmu, wanda duk malamin da ya kwana biyu a bakin aiki ya san shi. Waɗanda suka ci, tun daga nesa kake jin shewarsu. Waɗanda abin bai yi wa daɗi ba kuwa, sai su duba lambarsu sau biyu ko uku, su ja da baya, su sulale ba tare da sun yi wa kowa magana ba. A irin wannan rana ce, 'yan shekarun baya, wani ɗalibi da ya gama aji ɗaya ya yi sallama a ƙofar ofishina. Na nuna masa kujera ya ƙi zama, ya rusuna daga gefe, kai a sunkuye, ya ce: "Malam, shawara na zo nema. Ina ganin gara in haƙura da karatun nan in koma kasuwa wurin yayana. Ni dai ƙwaƙwalwata ba ta boko ba ce."

Kwas uku ya faɗi, biyu kuma da ƙyar ya tsallake. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, sai da mahaifinsa ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu kafin a haɗa masa kuɗin rajista da na ɗaki, ga shi yanzu bai san da bakin da zai je ya yi wa tsohon bayani ba.

Tambaya biyu na yi masa. Na ce, yaushe ka fara karatun jarrabawar? Ya ce ana saura kwana tara. Na ce, ka yi makarantar allo? Ya ce ya yi, izu goma sha biyar ne a kansa, kuma har yanzu suna nan. Na ce masa: "To ɗana, tashi ka zauna a kujera. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe izu goma sha biyar ba ita za ka ɗora wa laifi ba."

Abin da muka tattauna da shi a ranar, da makonnin da suka biyo baya, shi nake so in shimfiɗa a wannan shafi, domin na san irinsa suna da yawa, maza da mata, a sakandare da kwalejoji da jami'o'i. Mafi yawansu ba za su taɓa ƙwanƙwasa ƙofar wani malami ba, sai dai su yi ta fama da abin a cikin ransu har a kore su ko su kori kansu.

Kafin in shiga shawara, ya kamata in faɗi gaskiya game da abin da ba laifin ɗalibi ba ne. A 2024 hukumar JAMB ta bayyana cewa kimanin kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawarta ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan matasa malalata ne ba. Akwai makarantar da yaro ke gamawa bai taɓa samun tsayayyen malamin lissafi ba. Akwai zauren lakcar da na baya ba ya jin abin da malami ke faɗa saboda cunkoso. Ga rashin wuta, ga tsadar abinci. A 2022 yajin aikin ASUU ya tsayar da karatu a jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ya koyar bayan nan ya ga yadda ɗalibai suka dawo da sanyin gwiwa. Waɗannan nauyi ne a wuyan hukuma da mu malamai, ba kuma za mu daina faɗa ba. Sai dai ɗalibin da zai shiga jarrabawa nan da wata uku ba zai iya zaman jiran a gyara ƙasa ba. Maganata a yau a kan abin da ke hannunsa ne, kuma abin nan ya fi yadda yake zato yawa.

Ban yi wa yaron nan faɗa ba, domin hanyar da ya biyo ni ma na taɓa bin ta. Na shiga jami'a da girman kan wanda ya saba zuwa na ɗaya a sakandare. Kullum sai in ce zan fara karatu ranar Litinin. Litinin ta zo in ce ai yau lakca ta gajiyar da ni, sai Asabar. Asabar ta zo, ga wanki, ga baƙi, ga hira. Littattafan da na aro daga laburare suka zauna a kan akwatina har ƙura ta rufe su, na mayar da su tare da biyan tara ban wuce shafi goma ba. Da sakamako ya fito, kwas biyu na ɗauko a ka zuwa aji na gaba. Na ɓoye wa kowa a gida. Kawuna ne kaɗai, ƙanen mahaifiyata, manomin da bai taɓa shiga aji ba, ya lura na rame, ya tsare ni da tambaya. Da na gaya masa, sai na ƙara da cewa matsalata ita ce sha'awar karatun ce ba ta zuwa mini. Ya yi dariya ya ce: "Kai yaro, ka taɓa ganin manomin da ya zauna jiran sai ransa ya so kafin ya tafi gona? In ruwa ya sauka fita ake yi, ko rai ya so ko bai so ba. Daɗin noma sai ka kai kunya biyu ko uku, jiki ya saki, sannan yake zuwa."

Na shekara da shekaru ina bibiyar abin da masana halayyar ɗan Adam suka rubuta a kan jinkirta aiki, har yau ban ga wanda ya wuce maganar Kawu ba. Sha'awar aiki bayan an fara take zuwa. Wanda ya zauna jiranta kafin ya buɗe littafi zai daɗe yana jira.

Mun saba kiran mai jinkirta karatu malalaci, amma sau da yawa sunan bai dace da shi ba. Yaron da ake cewa malalaci shi ne zai yi tattaki zuwa gidan kallon ƙwallo cikin rana, ya zauna minti 90 ko ƙifta ido ba ya son yi, ya kuma lissafo maka 'yan wasan Barcelona da lambar rigar kowannensu. Yarinyar da ake cewa ba ta da himma ita ce za ta share ɗaki, ta wanke kayan da ba su yi datti ba, duk don kada ta zauna gaban littafin lissafi. Ƙarfi akwai, lokaci akwai. Abin da ake gudu shi ne wani ɗaci da kan taso a zuciya da zarar an tuna da littafin: tsoron kada in buɗe in tarar ban gane komai ba, kunyar cewa an yi nisa an bar ni, ko kuma gundura kawai. Wasu masana biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayani a 2013 cewa jinkirta aiki dabara ce da mutum ke yi don ya sama wa zuciyarsa sauƙi na ɗan lokaci, ya ture abin da ke ɓata masa rai yanzu, ya bar wa gobe wahalar. Da zarar ka ce "sai gobe" za ka ji wani sanyi a ranka, kuma daɗin wannan sanyin ne ke sa ka sake faɗa idan goben ta zo. Bashi ne mai ruwa. Babi ɗayan da ka guje wa a makon farko ya zama takwas a mako na takwas, tsoron ya ninku, gudun ma ya ninku.

Tunda tsoro ne tushen abin, maganinsa shi ne a rage wa aikin girma har ya daina ba da tsoro. Cewa "yau zan karanta Tattalin Arziki" buri ne kawai, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, shi ya sa zuciya ke ƙin sa. Amma idan ka ce "bayan sallar Asuba zan zauna a ajin da ke kusa da ɗakinmu in karanta shafi huɗu na lakcar ranar Talata, in amsa tambaya biyu," ka yanka wa kanka aikin da ake iya gamawa. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya daɗe yana nuna cewa waɗanda suka tsayar da lokaci da wurin da za su yi abu sun fi cika alkawarin da suka yi wa kansu, a kan waɗanda suka tsaya ga niyya kawai. Mu kuwa mun yi sa'a, domin yininmu a yanke yake tun asali: akwai asuba, akwai bayan La'asar, akwai tsakanin Magariba da Isha. Ɗaure karatunka a jikin ɗaya daga cikinsu, yadda ba sai ka tsaya shawara da zuciyarka kullum ba. Duk ranar da ka buɗe ƙofar shawara da ita, ita za ta yi nasara.

A ranar da jiki ya ƙi gaba ɗaya, yi wa kanka alkawarin minti goma kacal. Ka ce zan zauna minti goma, in sun cika ina da damar tashi. Sau da yawa za ka tarar goman ta zama arba'in, domin kunya biyun Kawu ke nan. In kuma ka tashi a goman, ba ka yi asara ba, ka dai hana sarƙar tsinkewa. Akwai kuma dabarar da wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro wa kansa a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da shi ma karatu ya gagare shi. Ya ɗauki agogon girki mai siffar tumatir ya riƙa auna wa kansa lokaci. Tsarin da ya yi suna da shi shi ne aiki na minti 25 ba waiwaye, hutu na minti biyar, sannan a sake. Zama huɗu irin wannan a yini, kwana shida a mako, awa goma ke nan na karatu tsantsa, kuma na rantse ɗalibai da yawa ba sa samun hakan a wata guda.

Ita kuwa waya, kada mu yaudari kanmu. Manhajoji irin su TikTok da Facebook da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewarka a kansu gwargwadon ribarsu, don haka an gina su ne yadda ajiye su zai yi wuya. Wanda ya zauna karatu da waya a gefen hannu yana cewa ai zai daure, ya shiga kokawa da wanda ya fi shi shiri. Bar ta a ɗaki, ko ka ba abokinka ajiya. Idan takardun lakcar a cikinta suke, sauke su tun da wuri, ka kashe data kafin ka zauna.

Yanzu bari in koma kan izu goma sha biyar ɗin yaron nan, domin a nan ne rabin maganar take. Na tambaye shi yadda ya haddace su. Ya ce kullum ɗan kaɗan ake rubutawa a allo, ya yi ta maimaitawa, sannan ya kife allon ya kawo da ka a gaban malam. In ya yi kuskure a gyara masa nan take. Ba a wanke allo a yi gaba sai ya kawo daidai, kuma kullum akwai tilawar na baya don kada ya zube. Na ce, to karatun jami'a fa, yaya kake yin sa? Ya ce yana buɗe takardar lakca ya karanta daga farko zuwa ƙarshe, ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya ga yana da muhimmanci, in ya gama ya sake komawa farko. Na ce, ka taɓa kife takardar ka gwada kawowa da ka? Ya yi shiru.

Wannan shi ne ramin da mafi yawan ɗalibanmu ke faɗawa. Idan ka yi ta maimaita karanta shafi, ido zai saba da shi, sai ka ɗauka ka sani. Alhali ganin Dala ba shiga birni ba ne. A ɗakin jarrabawa ba za a nuna maka shafin a tambaye ka ko ka taɓa ganinsa ba. Farar takarda za a miƙo maka a ce fito da abin da ke kanka, kuma wannan wani aiki ne dabam da ba ka taɓa gwadawa ba sai ranar. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani rubutu su karanta. Bayan haka, wani lokaci a ce su sake karantawa, wani lokaci kuma a karɓe rubutun a ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, sake karantawa ce ta ɗan fi. Amma da aka gwada bayan mako guda, abin da aka sake karantawa kashi 42 cikin 100 ya rage a ka, wanda kuwa aka sha wahalar tunowa kashi 56. Wato hanyar da ta fi daɗi a lokacin ita ce ta fi saurin zubewa. Malaman allo ba su jira wannan bincike ba kafin su ce a kife allo.

Haka ma tilawar na baya. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta rage sauri, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya zama a kai. Saboda haka lakcar yau, a yau za ka fara waiwayarta, ko da na minti goma sha biyar ne. Ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi giɓi. Ka sake yin haka bayan kwana biyu ko uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Ka nemi tambayoyin shekarun baya tun a makonnin farko, ka riƙa amsa su da agogo a gabanka. Idan kuna karatun haɗin gwiwa, kada ku wuce mutum uku ko huɗu, kuma zaman ya zama na yi wa juna tambayoyi.

Sai dai akwai bambanci ɗaya da na ja hankalin yaron a kai. Jami'a ba ta tsaya ga hadda ba, tana neman fahimta. A nan ne kuma na lura cewa da yawa daga cikin 'ya'yanmu Turancin ne ke kayar da su tun kafin darasin ya taɓa su. Sai su haddace jimlolin malami ba tare da sun san abin da suke nufi ba, in an juya tambayar kaɗan su ruɗe. Shawarata ita ce, duk abin da ka karanta, ka gwada bayyana shi da Hausa, da bakinka, kamar kana yi wa ƙanenka bayani. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, nan za ka koma. Bayan ya zauna da Hausa, sai ka rubuta shi da Turancinka, tunda da shi za a yi jarrabawar. Ka kuma ajiye ɗan ƙaramin littafi na kalmomin da suka shige maka duhu, ka riƙa neman ma'anarsu a ƙamus. Babu abin kunya a nan. Harshen uwa tsani ne, ba a raina shi.

Game da kwanan zaune a daren jarrabawa, wanda wasu ɗalibai suka mayar abin alfahari, Bahaushe ya riga ya gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya hana ta barci ya cika cikinsa da goro da gahawa zai shiga ɗakin jarrabawa da jajayen idanu, yana ganin tambayar da ya karanta jiya amma amsar ta ƙi fitowa. Mafi muni su ne masu kai hannu ga ƙwayoyi wai don ido ya bushe. Na ga waɗanda suka fara da niyyar cin jarrabawa ɗaya, suka ƙare da rasa karatun da lafiyar baki ɗaya.

Ga wanda sakamakonsa ya riga ya lalace, bari mu yi ɗan lissafi, domin fargaba takan ragu idan aka mayar da ita lamba. A yawancin jami'o'inmu ma'aunin sakamako yana tsayawa ne a 5.00. Daga 4.50 daraja ta ɗaya ke nan, daga 3.50 babbar daraja ta biyu, daga 2.40 ƙaramar daraja ta biyu. Mu ɗauka karatun shekara huɗu ne, kuma nauyin darussan kowace shekara daidai yake. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.00, idan ya riƙe 4.00 a sauran shekaru ukun, wato yana samun maki sittin da 'yan kai a kowane darasi, zai fita da 3.50. Wanda kuwa ya yi ta cewa "sai gobe" har ya gama aji uku da 2.00, ko da ya ci maki mafi girma a kowane darasi a shekarar ƙarshe, 2.75 ce iyakarsa. Ƙofar a buɗe take, amma kowane zango tana ƙara tsukewa. Ka kuma tuna cewa maki 30 ko 40 daga cikin 100 tun kafin jarrabawa ake rabon su, ta hanyar gwaji da jinga. Wanda ya yi wasa da su ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Sannan ka je ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ka sami malamin darasin da ka faɗi, cikin ladabi, ka nemi ya nuna maka inda irinka suka fi zubar da maki. Ka sami malamin da ke kula da ajinku ya duba maka yadda za ka jera darussan da ka ɗauko ba tare da ka yi wa kanka lodin da ya fi ƙarfinka ba. Na san ba kowane malami ne ke da sakin fuska ba, kuma wannan aibinmu ne. Amma in ɗaya ya kore ka, gwada na biyu.

Akwai kuma halin da duk waɗannan dabaru ba za su wadatar ba. Ɗalibin da ya wuni bai ci abinci ba, ba jadawali yake buƙata da farko ba. Ɗalibar da ke tashi tun asuba da girki da ɗiban ruwa da rainon ƙanne, ko matar auren da ke haɗa karatu da goyo, lokaci take nema, kuma mutanen gida ne za su iya ba ta. Wanda kuma ya kai mako biyu ko fiye komai ya fita ransa, har abin da ya saba jin daɗinsa, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, yana jin rayuwarsa ba ta da amfani, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani. Ya ga likita, ya kuma gaya wa wanda ya yarda da shi. Ina roƙon iyaye, idan yaro ya kawo sakamako marar kyau, kafin a ce masa sakarai a tambaye shi me ya faru. A kuma duba ko mu ne muka tura shi likitanci ko lauya don a kira mu baban likita, alhali zuciyarsa da baiwarsa suna wani wuri. Zagi yana ƙara tsoro, tsoron nan kuwa shi ne ya hana shi buɗe littafin tun farko.

Kai ma ɗalibi, ka daina zagin kanka. A wani bincike da aka wallafa a 2010, wanda aka yi a kan ɗaliban aji ɗaya na Jami'ar Carleton da ke Kanada, an tarar cewa waɗanda suka yafe wa kansu jinkirin da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jinkiri kafin ta biyu. Dalilin a fili yake. Wanda duk lokacin da ya ga littafi sai ya tuna shi mai laifi ne, zai ci gaba da gudun littafin. Ka amsa cewa ka yi sakaci, ka yi nadama sau ɗaya, ka tashi. Ranar da ka karya jadawalinka, kada ka ce shi ke nan an rushe. Washegari ka koma inda ka tsaya.

Yaron nan mun rabu da shi a kan sharuɗɗa biyu. Na farko, ya je gida ya gaya wa mahaifinsa gaskiya da bakinsa. Ya je, kuma ya ce mini tsohon ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Saniya dai an riga an sayar. Abin da ya rage shi ne kada a yi biyu babu." Na biyu, duk ranar Alhamis ya kawo mini takarda ɗaya da ya rubuta da ka, littafi a rufe, a kan abin da aka koyar a makon. Ta farko da ya kawo ko rabin shafi ba ta kai ba. Akwai lokacin da ya ɓace mini mako uku yana kauce wa hanyar ofishina, sai da na aika aka kira shi. Ya dawo da kunya, muka ɗora daga inda aka tsaya. Bai fita da daraja ta ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƙaramar daraja ta biyu ya samu, amma ya gama tare da 'yan ajinsu, bai ƙara faɗuwa ko kwas ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka, ya kai ɗalibin da ke karanta wannan shafi da nauyi a ƙirji, ba na neman ka yi alkawarin sauya rayuwarka daga Litinin. Mun san ƙarshen irin wannan alkawari, ni da kai. Abin da nake nema ƙarami ne. Yau, kafin ka kwanta, ɗauko darasin da ka fi tsoro, ka karanta shafi huɗu, ka kife, ka rubuta abin da ka tuna. Zai yiwu layi uku kawai za ka iya kawowa. Ajiye takardar, ka sa mata kwanan wata, gobe a daidai wannan lokaci ka ƙara wata a kanta. Allah Ya ba da sa'a.